Idon Ruwan Gindin Dutse

Gidanmu ne na ƙarshe a unguwa, daga shi sai dutse. Idan aka gwada shi da manyan duwatsun da suka zagaye tsohon garin Dutse, namu ƙarami ne, amma mu da muka tashi a gindinsa ba mu ɗauka akwai abin da ya fi shi tsawo ba. Duwatsu ne jibga-jibga suka hau kan juna, tsakaninsu duk tsaga ce da ramuka, ararraɓi da baure sun cusa saiwoyinsu a ciki. Akwai birai a can sama, akwai rema, kuma da damina ciyawa takan rufe shi ruf. Ta gefen gabas wani falalen dutse ya turo baki kamar rumfa, a ƙarƙashinsa idon ruwan yake.

Baƙo zai iya wucewa bai lura da shi ba. Ba ya ɓuɓɓuga, ba ya ƙara. Tsattsafowa yake yi daga tsagar dutse, ya taru a wani kwarmi da bai wuce faɗin tabarma ba, zurfinsa iya gwiwa, sannan ya malala ta wata 'yar hanya da kakanmu ya jera wa duwatsu, ya shiga lambun mahaifina. Mata su ɗiba da ƙwarya su cika tuluna, Fulanin da ke zaune a bayan dutse su shayar da maruƙansu a inda ya malala, abin da ya rage ya zama na albasa da latas da dabino. Ko a tsakiyar bazara ruwan nan sanyi ƙalau yake, har haƙori yakan amsa. Abin da ya riƙa ba ni mamaki tun ina ƙarami shi ne ba da damina ya fi ƙarfi ba. Sai ruwan sama ya ɗauke, an shiga yankan dawa, sannan idon yake cika ya batse. Daga nan ya riƙa raguwa a hankali har ƙarshen bazara, ya koma siriri kamar yatsa, amma ba ya yankewa. Baba ya ce bai taɓa ganin ya ƙafe ba, shi ma haka mahaifinsa ya gaya masa, har a shekarun da fari ya kashe shanu.

Baba mutum ne marar yawan magana, lambu ne sana'arsa, shi ne kuma hirarsa. Su biyu mahaifinsu ya bari, shi da wansa, wanda muke kira Baffa. Tun yana saurayi Baffa ya ce shi ba zai ƙare rayuwarsa a tsugune cikin fangali ba. Ya shiga saye da sayar da hatsi a kasuwannin ƙauye, daga baya ya koma kwangila, ya je Makka, ya gina gidan bene a bakin titi. Da aka zo rabon gado ya ɗauki gonakin tudu ya bar wa Baba lambun, kowa ya yaba masa, domin a lokacin lambun ya fi daraja. Baba bai taɓa kiran sunansa ba, Yaya yake ce masa, kuma har bayan furfura ta cika masa gemu, idan Baffa ya shigo zaure sai ya sauka daga kan buzu ya zauna a ƙasa. Dabino ne abin da Baba ya fi ji da shi. Ya san kowace bishiya da halinta, wadda 'ya'yanta ke nuna da wuri da wadda ke jan jiki. Lokacin fure da kansa yake hawa, ya yanko furen namiji ya ɗaura a jikin na macen, ya sauko ƙaya ta yayyanke masa hannu, yana murmushi.

Da aka mai da Dutse babban birnin jiha, ma'aikata suka yi ta kwararowa, babu gidajen da za su zauna. Kusan kowane gida sai da ya ba da ɗaki ko shago haya. Mu namu shagon da ke jikin zaure wani mutumin Filato ne ya kama. Kirista ne, ma'aikaci a ofishin ruwa, iyalinsa suna can gida. Unguwa ta laƙaba masa Injiniya, ko da yake ya sha faɗa cewa bai kai wannan matsayi ba. Da farko Inna, mahaifiyata, ta yi ɗari-ɗari da shi, amma kafin damina ta zagayo har ta san ba ya son yaji da yawa a miya. Ni a lokacin na gama kwalejin horar da malamai ina jiran a tura ni aiki, don haka kusan kullum da yamma ina tare da su a bakin lambu, shi da Baba.

Injiniya ya yi sha'awar idon ruwan nan ƙwarai. Wata Asabar ya matsa wa Baba suka hau dutsen tare, ni ma na bi su. Ya riƙa tsayawa a kowace tsaga yana zura sanda, yana nuna mana yadda ƙasa da ruɓaɓɓen ganye suka cika ta, da yadda take da laima ko da rana ta take. Ya ce dutsen nan shan ruwa yake yi. Duk ruwan da aka yi da damina ba gangarewa yake yi kai tsaye ba, shiga yake yi cikin tsage-tsagen, ƙasar da saiwoyi su riƙe shi, sannan ya riƙa sauka a hankali, shi ya sa idon yake cika bayan damina ta wuce. Da muka zauna hutawa a sama ya ba mu labarin garinsu, inda akan yi ruwan ƙanƙara har ta kwanta fara fat a kan tudu, sai ta kwana kafin ta narke. Ya ce daga tsaunukansu koguna da yawa suke tasowa, wasu har su gangaro nan jiharmu ta wajen Buji. Ya kuma ce an taɓa tura shi kwas wata ƙasa mai sanyi, can ya ga tsaunukan da ƙanƙara ke taruwa a kansu duk lokacin sanyi, sai zafi ya shigo ta fara narkewa. Kogunansu da zafi suke cika, ba tare da an yi ɗigon ruwa ba, manomansu ba hadari suke dubawa ba, kan tsauni suke kallo su san ko shekara za ta yi kyau.

Baba ya jinjina wannan magana. Can ya ce, "Wato kowa da inda Allah ya ajiye masa nasa. Su a ƙanƙara, mu a tsagar dutse."

"Haka ne, Maigida," in ji Injiniya. "Sai dai nasu kowa yana ganinsa da ido. Naku a ɓoye yake, wanda bai sani ba zai ce dutse ne kawai."

Shekaru suka wuce. Aka tura ni koyarwa garin Miga, na yi aure, nakan zo gida ƙarshen wata ko lokacin hutu. Gari kuwa sai buɗewa yake yi, ana shimfiɗa kwalta, ana gina ofisoshi da rukunin gidaje, kuma duk aikin nan tsakuwa yake ci. Wani hutun ƙarshen shekara na zo na tarar ana maganar wani kamfanin fasa dutse yana son dutsenmu, saboda yana kusa da titi kuma babu gidaje a bayansa. Baffa ne ya kawo su. Shi ya shiga ya fita, shi ya kai su wurin masu faɗa a ji, shi za a ba kwangilar jigilar tsakuwar.

Aka kira taro a ƙofar gidan mai unguwa bayan sallar la'asar. Baffa ya yi magana mai daɗi, don ya iya. Ya ce samarin unguwa za su samu aiki, za a gyara hanya, za a haƙa mana rijiyar burtsatse mu huta da ɗibar ruwa da ƙwarya kamar mutanen da. Ya ce ta bayan dutse za a fara, idon ruwa yana gaba, babu abin da zai taɓa shi. Samari suka yi ta gyaɗa kai. Ban ga laifinsu ba, yawancinsu ba su da abin yi. Sai Injiniya ya nemi izini ya miƙe. Ya gaida manya, ya ce shi ba ya adawa da ci gaba, amma dutsen nan gaba da bayansa abu ɗaya ne. Ya ce idan aka sa nakiya a baya, tsage-tsagen da ke riƙe da ruwa za su buɗe, idan kuma aka kwashe ƙasar da itatuwan da ke sama, ruwan damina zai gangaro gaba ɗaya a rana ɗaya, ba abin da zai rage na rani. Ya roƙa a nuna wa kamfanin wani dutsen, ga su nan birjik a wajen gari waɗanda babu mai shan ruwansu.

Baffa bai ɗaga murya ba. Ya yi murmushi, ya ce, "Mun gode wa Injiniya. Amma dutsen nan kakanninmu ne suka zauna a gindinsa, ba nasa ba. Baƙo ne, haya yake yi, gobe in an yi masa canjin aiki ya ɗauki akwatinsa. Ga mai lambun nan zaune, ƙanena ne, shi ya fi kowa asara in akwai asara. Ku tambaye shi."

Duk aka juya ana kallon Baba. Ina zaune a bayansa, ina ganin yadda ya damƙe carbinsa. Mai unguwa ya ce, "Malam, me ka gani?" Baba ya sunkuyar da kai, ya ce duk abin da Yaya ya ga ya dace, shi ke nan. Aka shafa fatiha aka tashi.

Da muka dawo gida Baba ya tsaya a ƙofar shagon Injiniya ya ba shi haƙuri. Injiniya ya ce ba komai, amma da ganin fuskarsa an san da komai. Mutumin da ya yi shekaru yana cin tuwon gidanmu, ya raka gawarwakin unguwa maƙabarta, ya gyara wa masallaci famfo ba a biya shi ba, shi aka tuna wa a bainar jama'a cewa haya yake yi. Ba a daɗe ba ya ce iyalinsa za su zo, shagon ya yi masa kaɗan, ya koma unguwar Limawa. Yakan leƙo jefi-jefi, daga baya ya yi ritaya ya koma garinsu.

Da rani masu fasa dutse suka fara aiki. Sukan busa usur da rana tsaka, mutum ya zagaya da jan ƙyalle yana korar yara da awaki, sai ka ji ƙasa ta girgiza ƙarƙashin ƙafarka, kwanuka su yi ƙara a ɗakin Inna. Birai ne suka fara barin wurin. Katangar gidanmu ta tsage daga sama har ƙasa. Farar ƙurar injin niƙa dutse ta riƙa sauka a kan latas, masu saye a kasuwa suka fara cewa yana da tsakuwa a baki. Amma abin da ya fi ɓata lamarin shi ne, a kakar farko idon ya yi ƙarfin da ba a taɓa gani ba. Ruwa ya riƙa bulbulowa har ya fi ƙarfin hanyarsa, ya mamaye fangali. Baffa ya zo da motarsa, ya tsaya a bakin kwarmin yana dariya, ya ce a aika wa Injiniya ya zo ya ga ƙafewar da ya yi alkawari. Mutane suka taya shi dariya. Baba bai yi dariya ba. Da Baffa ya tafi ya ce da ni, ruwan da ya kamata ya kai mu bazara ne yake zubewa yanzu.

Haka kuwa aka yi. Kafin sanyi ya wuce idon ya koma ɗigo. Da bazara ta shigo, wata safiya mata suka je da tuluna suka tarar da laka kawai a kwarmin, kwaɗi suna mutsu-mutsu a ciki. Inna ta ce ranar Baba bai karya kumallo ba. Ya je ya zauna a ƙarƙashin falalen dutsen, ya sa hannu yana shafa tsagar, har rana ta zo tsaka. Da damina ta sauka ruwan ya dawo, mutane suka ce ai ga shi nan, zafi ne ya yi yawa bana. Amma ana ɗauke ruwan sama da 'yan makonni ya sake tsayawa. Tun daga nan ya zama kwata kawai, in an yi ruwa ya zubo ja wur, in an ɗauke ya bushe.

Baba bai saki lambun nan da nan ba. Ya sayar da raguna ya sa aka haƙa rijiya a tsakiyarsa, masu haƙa suka ci karo da dutse kafin su ga laima. Aka koma wani gefen, aka samu ruwa kaɗan wanda guga goma ke ƙarar da shi. Ya bar latas da tumatir, ya riƙe albasa, daga baya ita ma ya bari. Lemun tsami da gwaiba suka bushe. Dabinon sun fi jurewa, amma nonon da a da sai an tokare shi da itace don nauyi ya koma 'yan tsiraru, 'ya'yan ƙanana, busassu tun ba su nuna ba. Sannan wata damina aka yi ruwa mai ƙarfi, ya sauko daga kan dutsen da aka riga aka feɗe, babu ƙasa babu itace da za su tare shi. Cikin ɗan lokaci ya share baƙar ƙasar lambun, wadda kakanmu da Baba suka yi shekaru suna zuba wa taki, ya bar yashi da ɓaraguzan dutse, ya kuma tafi da rabin katangarmu.

Ba zan ce damina ba ta canza ba, don na gani da idona. Takan makara, in ta zo ta zo da fushi, ta ɗauke da wuri. A Miga akwai shekarar da muka wayi gari sama tas babu gajimare, amma kogi ya cika ya shiga gonakin shinkafa da ruwan da aka yi can nesa, wanda ba mu ji ko tsawarsa ba. A rediyo aka fara maganar sauyin yanayi, kuma gaskiya ce. Abin da ya ƙona mini rai shi ne yadda Baffa ya kama kalmar nan ya rataya a wuya. Duk inda aka tada zancen idon ruwa sai ya ce sauyin yanayi ne, duk duniya haka ake fama, har ƙasashen Turawa. Mutane suka karɓa, saboda ya fi sauƙi. Yanayi ba ya zuwa ɗaurin aure, ba ka haɗuwa da shi a sahun sallah.

Rijiyar burtsatsen da kamfani ya yi alkawari an haƙa ta, ta yi aiki damina ɗaya ta lalace, ba wanda ya zo gyara. Samarin da aka ɗauka aiki yawancinsu gadi da ɗaga tuta aka ba su, da dutsen ya ƙare aka sallame su. Kamfani ya kwashe injinansa ya bar wani ƙaton rami mai koren ruwa. A lokacin ne Baffa ya kawo masu babbar mota suka haƙa rijiya mai zurfi a cikin gidansa, ya ɗora tankuna a sama, ya fito da famfo uku ta jikin katanga, ya ce sadaka ce, kowa ya ɗiba. Safe da yamma ana tada janareta, layin jarkoki ya miƙe har bakin titi. Mata suna ɗiba suna sa masa albarka. Liman ya ambace shi a wa'azi. Waɗanda suka sha ruwan idon nan kyauta tun suna goye, su ne suke cewa ba don Alhaji ba da ƙishirwa ta kashe unguwa.

Baba bai taɓa shan ruwan nan ba. Bai yi shela ba, bai gaya wa kowa dalili ba. Ya dai ce da Inna kada a zuba masa shi a buta ko a randarsa. Sai ta ware masa randa guda a gefe. Kullum bayan sallar asuba ya ɗaura jarka a bayan keke, ya tafi wata tsohuwar rijiya da ke can kusa da maƙabarta, ya jawo da guga ya dawo yana tura keken, don ƙafarsa ba ta iya taka shi da kaya. Na ce zan riƙa biyan mai kurar ruwa ya kawo masa, ya ce masu kura duk a famfon suke ɗiba, ko sun ce ba a can ba. Duk da haka, ranar Juma'a ba ta wucewa bai je gaida Baffa ba. Ya wuce ta gaban layin jarkokin, ya shiga, ya zauna a ƙasa, a kawo masa ruwa a kofi ya ce Alhamdu lillahi, ya ƙoshi.

Wannan ya fi komai ci mini rai, kuma wata rana na kasa daurewa. Na same shi a lambu yana sare busasshen reshen dabino, na ce, "Baba, ka san gaskiya ranar taron nan. Da ka buɗe baki da mutane sun bi ka. Me ya sa ka yi shiru?"

Ya ajiye adda. Sannan ya ce, "Da uwarmu ta rasu ban fara tafiya ba. Shi ya goye ni. Da zani yake ɗaure ni a bayansa ya tafi makarantar allo, yara suna yi masa dariya. Ta yaya zan tashi a gaban mutane in ce ya yi ƙarya?"

Na ce to ai ga abin da shirun ya jawo. Ya ce ya sani, kullum da safe yana gani. Ya ɗauki addarsa ya ci gaba da aiki, ni ma ban sake tada maganar ba.

Da bazara Baba ya rasu, ranar wata Talata da hantsi, bayan 'yar gajeriyar jinya. Ina cikin aji aka kira ni a waya. Kafin in samu mota daga Miga in iso, rana ta yi sama, zafi ya tsananta, manya sun ce ba za a jinkirta ba. Na shiga gida na tarar an riga an fara yi masa wanka a bayan ɗaki, ga jarkoki jere a tsakar gida, jikinsu jiƙe. Ban tambayi kowa ba, na san jarkokin, na san inda aka cika su. Randarsa tana nan a gefe, ruwan cikinta bai fi moɗa biyu ba, don tun da ya kwanta babu mai zuwa rijiyar. Inna tana zaune a ƙofar ɗaki. Da ta gan ni ta ce a hankali, "Na faɗa musu. Suka ce ruwa ruwa ne, kada in kawo fitina a kan gawa." Da ruwan da ya ƙi sha tsawon shekaru aka wanke shi, da shi aka kwaɓa ƙasar da aka rufe kabarinsa.

Baffa ya yi kuka a maƙabarta, kuma ba na jin na ƙarya ne. Shi ya zauna a gaba wajen karɓar gaisuwa, shi ya ciyar da baƙi. Ina zaune kusa da shi ina jin masu ta'aziyya suna cewa Allah ya saka wa Alhaji, ya riƙe zumunci har ƙarshe, ko ruwan wankan ma daga gidansa aka kawo. Na riƙa amsawa da amin kamar kowa.

Injiniya ya zo bayan 'yan kwanaki, wani tsohon abokin aikinsa ne ya sanar da shi. Ya tsufa, yana dogara sanda. Ya gaida Inna daga bakin ƙofa, ta fashe da kukan da ba ta yi ba ranar rasuwar. Da yamma ya ce in raka shi ya ga wurin. Muka tsaya a bakin ramin da kamfani ya bari, masu buga bulo suna jan koren ruwan da injin. Na tambaye shi, tsakaninsa da Allah, da ba a fasa dutsen ba, da idon yana nan? Ina so ya ce e, ba tare da wani kwana-kwana ba. Bai ce ba. Ya ce da irin daminar da ake yi yanzu ba zai rantse ba, wataƙila da ya ragu, wataƙila wata shekarar ya yanke a ƙarshen bazara. A garinsu ma, in ji shi, rafukan da ya sani suna yaro sun ja baya. Amma ya ce da a hankali zai tafi, da ya ishi Maigida har ƙarshen kwanansa, da wataƙila mu ma mun mora. Washegari ya hau mota ya koma, ban sake ganinsa ba.

Yanzu na dawo Dutse da aiki, ina zaune a gidan tare da Inna da iyalina. Ruwan famfon Baffa muke sha, ba mu da wani. Tsohuwar rijiyar kusa da maƙabarta ta rufta, ni kuma ba ni da ƙarfin haƙa tawa. Baffa yana nan da ransa, ya tsufa, idonsa ya yi rauni, 'ya'yansa ne ke tafiyar da harkokinsa. Duk Sallah Inna takan tilasta mini in je in gaishe shi, in ɗauki yara su ga kakansu. Nakan je, in durƙusa, ya dafa kaina ya yi mini addu'a mai tsawo. A zuwan da na yi na ƙarshe ya riƙe hannuna, ya ce filin lambun nan yana zaune a banza, mutane sun mai da shi juji, gara a yanka shi fuloti-fuloti tun yana da rai ya samo mana masu saye na kirki. Ya ce don mu yake faɗa, shi ba ya buƙatar komai. Na ce to, Baffa, zan yi shawara da Inna. Ban gaya mata ba har yau.